Ƙidayar Asuba a Dutsen Gora

Kafin zakaran gidan Botovelo ya buɗe baki
na riga na tsallake rafi,
matsattsaku biyu a ƙwaurina,
littafi cikin leda, fensir a bayan kunne.
Ba da ido ake fara nemansu ba,
da kunne ne: ƙaras, ƙaras,
kamar ana fasa rake a ɗakin maƙwabta.

Ga su can. Varibolo.
Baƙo ya ce biri ne. Ba biri ba ne,
ko da wutsiya ta ba da shaida.
Jiki toka-toka, farin gashi tsaye a bakin kunne
kamar tsohon da ya kwana kan buhun auduga.
Ɗaya, biyu, uwa da ɗanta na bara,
biyar, shida, namijin nan mai tabo a hanci.
Takwas. Jiya ma takwas.
Shekarar da na fara, sha ɗaya nake rubutawa.

Ravaonoro, da ta zo daga jami'a da kwalabe,
ta ce dafin da ke cikin tofon goran nan
ɗan'uwan na rogo mai ɗaci ne,
wanda uwata ke jiƙawa kwana uku
kafin ta yarda da shi.
Su ba sa jiƙawa.
Su karya, su ɓare, su tauna
abin da zai kai ni ƙasa kafin rana ta take,
sannan su miƙe ƙafa su yi hamma.
Na ce yaya? Ta rufe kwalba, ta ce:
muna ta tambayar cikinsu, bai amsa ba.

Amma ba dafin ke rage min lissafi ba.
Ruwa ne da ya koyi makara.
In ya yi jinkiri, tofo ba ya fitowa,
sai busasshiyar gora mai taurin ƙashi,
sai a tsage ta da haƙori kafin a kai ga ɓargo.
Akwai wadda nake kira Nenibe, kaka ke nan,
haƙoranta sun side kamar dutsen niƙan gado.
Na tsaya ina kallo tana fama da kara ɗaya
har inuwa ta bar ƙafata.
Ni da adda a kugu.
An hana mu ba su abinci. Na juya baya.

Kada a ɗauke ni waliyyi.
Wancan gangaren da ya yi ja kamar gyambo,
ni na riƙe wa ubana wutar.
Shinkafar ta yi, mun ci shekara biyu,
ta uku ƙasa ta bi ruwa ta tafi.
Yunwa ce ta ƙyasta ashanar,
amma hannun nawa ne.

Makon jiya sun sauka gonar Botovelo.
Ya same ni da zangarniya a tafi, a tattaune,
ya ce: naka sun ci, nawa fa?
Ban da amsa. Na zauna a kan kunyarsa,
muka yi shiru har sauro ya tashe mu.
Washegari 'yarsa Soafara ta zo da kwando,
saiwar gora arba'in,
muka dasa a tsakanin kurmin nan da wancan,
don wata rana matashi ya ƙetare neman mata
ba tare da ya taka ƙasar karnuka ba.
Shi bai zo ba. Amma kwandon nasa ne.

Yau hadari ya haɗo ta gabas, ta wajen teku.
Na sake ƙirgawa don tabbatarwa,
sai ga wani abu a cikin uwar nan,
ɗan yatsu, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa,
sun damƙe gashi.
Shekara guda, ɗa guda, ba ƙari.

Na rubuta tara.
Ɗigon farko ya faɗo kan takardar.
Nenibe tana can ƙasa, ba ta ɗago ba,
tana shinshina gindin gora
inda ƙasa ta fara tsagewa.